Ungozoma

Ungozoma (jam'i: ungozomomi) mace ce, galibi dattijuwa, da ke kula da mai ciki da mai jego a unguwanni da ƙauyukan ƙasar Hausa. A yau ana kiran ma'aikaciyar karɓar haihuwa ta asibiti da wannan suna, amma aikin ungozomar gargajiya ya fi kama da na matar da ake kira doula a Amurka da Ingila, wadda ke tsayawa da mai haihuwa ba tare da ita likita ba ce.

Aikinta

Saboda kunya, mata da yawa kan yi naƙuda su kaɗai, sai jariri ya faɗo a aika a kira ungozoma. Ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Takan ci gaba da zuwa har ranar suna, a sallame ta da kuɗi, hatsi da naman suna. Ita da tsofaffin gida ne ke kula da wankan jego na kwana 40 da shan kunun kanwa.

A Zariya

A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya da kanwa da kuma zafin wanka da na gadon da ake hura wa wuta a ƙasa. Ko da yake asibitin koyarwa na Shika na kusa da Samaru da Jama'a a ƙaramar hukumar Sabon Gari, har yanzu akwai matan da ke haihuwa a gida. Shi ya sa ake horar da ungozomomi su gane alamun haɗari, kamar zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda, su garzaya da mace asibiti.