Audugar Funtua da Kwatar Apapa

Da wuya a sami manomin auduga na ƙasar Funtua ko Malumfashi wanda ya taɓa ganin teku da idonsa. Amma kuwa shekaru da yawa arzikinsa yana rataye ne da mashigar jiragen ruwa ta Ikko, wadda ke nesa da gonarsa fiye da mil 600.

A zamanin da, rairayi ya tare bakin mashigar nan, manyan jirage ba su iya shiga. Sai su tsaya can cikin teku, a riƙa juye kaya cikin ƙananan jirage. Fasinja kuwa akan zaunar da shi cikin wata kujera mai kama da akwati, inji ya ɗaga shi, ya sauke shi cikin kwalekwale. Kaya su jiƙe, waɗansu su nutse, kuɗin dako ya yi yawa.

Don maganin wannan, Gwamnati ta sa aka yi ta jigilar duwatsu daga wajen Abeokuta, aka gina katangu cikin teku, aka yashe mashigar. A shekarar 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo. A 1926 aka gama babbar kwata a Apapa, inda jirgin ƙasa ke zuwa har gindin jirgin ruwa. A 1929 kuma hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtua ta kai Ƙaura Namoda.

To, daga nan sai hanya ta miƙe. Manomi ya kai audugarsa fuloti a auna. Injin kamfanin BCGA ya gurje ta, ya fid da angurya, ya matse ta diloli. A loda su cikin tarago sai Apapa, inda leburori ke jera su cikin sito, inji ya sunkuce su ya zuba cikin jirgi, sai Ingila. Taragon ya komo da gishiri da kananzir da atamfa. Ta kwatar nan ɗalibai suka riƙa tashi zuwa Ingila, tafiyar wajen mako biyu, har 1974 da jirgin Aureol ya daina zuwa.

Abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi. A 1975 ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suka cushe Ikko, waɗansu suka yi watanni suna jiran a sauke su, kayan da ake bukata a Arewa suka maƙale a teku. Saboda wannan cunkoso aka buɗe wata tasha a Tin Can a 1977.

A hankali auduga ta ja baya, jirgin ƙasa ya yi rauni, manyan motoci suka karɓi dako. Sai a 2024 aka buɗe tashar tsandauri a Funtua, don ɗan kasuwa ya gama da kwastan a gida, tun kafin kayansa su kama hanyar teku.