Tarihin Haɗa Hoto: Daga Almakashi Zuwa Wayar Hannunka

Yau da yatsa ɗaya kake ciro kanka daga hoto ka ajiye a gaban wata ƙatuwar mota, a PicsArt ko Canva, minti biyu ka gama. To ka san cewa wannan sana'a ta girmi kwamfuta?

A 1857 wani mai hoto ɗan asalin Suwidin da ke zaune a Ingila, Oscar Rejlander, ya fitar da hoto ɗaya da ya haɗa daga hotuna sama da 30. Ga yadda ya yi: ya ɗauki mutanen daban-daban, sannan a ɗakin wanke hoto ya riƙa rufe takardar, yana buɗe wuri ɗaya kawai haske ya buga, ya sake rufewa, ya buɗe wani wurin. Aikin ya ci masa kusan mako shida, kuskure ɗaya kuma sai a koma farko. Hoton ya yi suna har Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafi. Shekara ɗaya bayan haka Henry Peach Robinson ya haɗa hotuna biyar ya nuna wata yarinya a bakin mutuwa, danginta kewaye da ita. Mutane suka yi ta ce-ce-ku-ce, tun a lokacin ake gardamar ko hoto na iya yin ƙarya.

Da 'yan siyasa suka gano abin, sai ya zama makami. A Jamus, John Heartfield ya riƙa yanka hotunan jarida da almakashi yana mannawa, yana tona asirin Hitler a mujallar AIZ. Abin bai yi wa 'yan Nazi daɗi ba, a 1933 dole ya gudu daga Balin zuwa Prague don tsira da ransa. A Tarayyar Sobiyet kuma gogewa ake yi. Akwai hoton Stalin yana tafiya a bakin ruwa tare da shugaban 'yan sandan ciki, Nikolai Yezhov. Bayan an kashe Yezhov a 1940 sai aka sake fitar da hoton, inda yake tsaye ya koma ruwa zalla. Ka ga kenan, dabara ɗaya ce, wani ya fallasa azzalumi da ita, wani ya ɓoye zalunci.

Sai kwamfuta ta shigo. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangon mujalla, aka yi ta sukarta. A 1987 wani ɗalibi a Amurka, Thomas Knoll, ya rubuta ƙaramar manhajar nuna hoto, ɗan uwansa John ya ce su faɗaɗa ta. Kamfanin Adobe ya karɓa, a 1990 Photoshop na farko ya fito, a kwamfutar Macintosh kaɗai yake aiki.

Babban sauyin ya zo ne a 1994 da Photoshop 3.0, lokacin da aka kawo leya. Ɗauki leya kamar fararen ledoji da ka jera ɗaya kan ɗaya: bango a ƙasa, mutum a tsakiya, rubutu a sama. Kana iya matsar da mutumin, ka ƙara masa girma ko ka cire shi, ba tare da ka taɓa bangon ba. Abin da Rejlander ya sha wahalar mako shida a kai kenan, kuma shi ne ginshiƙin duk manhajar haɗa hoto da ke wayarka. A 1996 GIMP ta fito kyauta, PicsArt da Snapseed a 2011, Canva a 2013.

Sauƙin ya zo da nasa tsadar fa. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. A 2008 aka yaɗa hoton gwajin makamai masu linzami na Iran, huɗu suna tashi, daga baya aka gano ɗaya ƙari ne, bayan manyan jaridu sun riga sun buga.

Idan ƙwararrun editoci sun faɗa tarko, ina ga ni da kai a WhatsApp? Don haka kafin ka tura hoto, zuƙo shi ka duba. Inuwar kowa ɓangare ɗaya ta faɗi? Gefen gashi da kafaɗa ya yi kaifi kamar an yanka da reza? Akwai gajimare ko hayaƙin da ya maimaita kansa? Sannan ka saka shi a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa.

Kai kuma mai haɗawa, yi katin biki, yi tallar shagonka, ba laifi. Amma ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba na iya kashe aure, ya zubar da mutuncin gida guda. Allah ya sa mu yi amfani da ilimin ta hanyar alheri.