Ciki da Sirrinsa: Furta Zunubi a Tarihin Kirista na Damargu da Damagaram

A watan Janairu na 1851 ne ayarin Turawa uku, Richardson da Barth da Overweg, ya sauko daga Azbin ya shigo Damargu, ƙasar hatsi da a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji. A nan suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Ba wa'azi ya kawo su ba, kuma ba su bar majami'a a bayansu ba. Sai dai daga wannan tafiya ne aka samu ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka karɓi baftisma kuma suka bar mana labarin rayuwarsu da bakinsu.

Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi har Kukawa, inda Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya koma hannun Barth, wanda ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ne ɗan mishan Schön ya zaunar da shi yana rubuta abin da ya faɗa, labarin da ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Duk wanda ya karanta zai ga yaro yana faɗin tsoronsa da kukansa da rabuwa da mahaifinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma ya kamata mai karatu ya lura da yadda zaman yake: ɗaya na magana, ɗaya na riƙe da alƙalami. Cikin Dorugu ya zama ƙamus da nahawu, na Schön kuwa ya tsaya a rufe.

Wannan rashin daidaito shi ne, a ganina, ƙashin bayan tarihin furta zunubi a yankinmu. Bahaushe ya taso ne da kunya da kawaici, yana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Babbar addu'arsa ita ce Allah ya rufa asiri, kuma malaman Musulunci sun koyar da cewa wanda Allah ya suturta kada ya tona kansa. Addinin Kirista kuwa ya zo da wani umurni cikin wasiƙar Yaƙub, na masu bi su riƙa bayyana wa juna laifuffukansu, su yi wa juna addu'a. Kalmar da ta fi nauyi a wurin ita ce juna, kuma ita ce aka fi saurin mantawa.

Katolika sun daɗe da shimfiɗa wa abin ƙa'ida. Tun taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowane mai bi ya yi ikirari gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara, aka kuma haramta wa fadan fitar da abin da ya ji, ko da za a yanka shi. Wannan bai yi nisa da rufin asirin Bahaushe ba. Amma waɗanda suka fara kafa aiki mai ɗorewa cikin Hausawan Nijar ba su ne ba. Mishan ɗin SIM ne, wanda ya sauka Zinder a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928, kuma a wurinsu babu fada mai ɗaukar sirri. Batun zina ko ƙarin aure yakan je gaban ɗan mishan da dattawa, a dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji har sai an ga tubarsa. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, dakatarwar ita kanta shela ce. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, cikin littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna irin tsamin dangantakar da ta shiga tsakanin sabbin masu bi da ƴan mishan, musamman kan ilimin boko da aka yi musu ƙwauronsa da kuma riƙon ragamar ikilisiya. Wanda ke sauraren laifinka sau da yawa shi ne mai ba ka aiki, shi ne mai ba ɗanka magani. A irin wannan hali yana da wuya a rarrabe tuba da tsoro.

Ba ina nufin duka wasan kwaikwayo ne ba. Akwai waɗanda danginsu suka yanke su saboda sabon addini, suka tarar da majami'a ce kaɗai inda za su faɗi ciwonsu a saurare su. Kuma bayan ƴancin kai na 1960, da jagoranci ya koma hannun ƴan ƙasa, sulhun cikin gida da ziyarar dattijo da daddare suka samu wuri kusa da horon fili.

A Damargu dai Kiristoci ƙalilan ne har yanzu. Katolikan yankin suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, kuma Tanut na da nisan fiye da kilomita 100 daga Zinder. Inda masu bi ba su cika ɗaki ɗaya ba, aminin da ake buɗe wa ciki yakan zama maƙwabci Musulmi ne, abokin aiki ko abokin shan shayi. Ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Zinder bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, Kiristoci da dama sun fake a barikin soja, wasu kuma a gidajen Musulmin unguwarsu. Waɗanda suka buɗe ƙofa a ranar sun san inda aka ɓoye kowa, kuma ba su faɗa ba.