Yadda Indiya Ta Rasa Ungulayenta



A shekarun 1980, miliyoyin ungulaye ne ke shawagi a sararin samaniyar Indiya. Galibin mabiya addinin Hindu ba sa cin naman saniya, saboda haka idan ta mutu akan feɗe fatar a bar mushen a fili, ungulaye su cinye shi kafin ya ruɓe.

A shekarun 1990 aka soma yi wa shanu allurar diclofenac, wani maganin ciwo mai arha. Ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurar gab da mutuwarta, ƙodarta kan lalace ta mutu cikin kwanaki. Sai a 2004 binciken da Dokta Lindsay Oaks ya jagoranta a Pakistan ya tabbatar da musabbabin. Indiya ta haramta ba dabbobi maganin a 2006, amma zuwa 2007 wani jinsin ungulu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Mushe ya taru yana gurɓata ruwan sha, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. A 2024 masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Mu ma ungulaye sun yi ƙaranci a mayankan garuruwanmu, domin ana farautarsu don haɗa magani. Kada mu jira irin abin da ya sami Indiya kafin mu hana wannan farauta.

Allah Ya sa mu dace.