Ilmin da Aka Gada daga Waɗanda Suka Faɗo

Duk wanda ya shiga sana'ar shawagi da laima, ko wadda ake tashi da ita daga kan dutse da ƙarfin iska kaɗai, ko wadda matuƙinta yake goya inji da farfela ya taso daga fili, abin da zai fara tararwa shi ne tarin ƙa'idojin da malaminsa zai ɗora masa tun ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Kuma da yake almajiri ba ya rasa ɗoki, yakan ɗauke su a matsayin tsananin dattawa kawai, alhali kuwa babu ɗaya daga cikinsu da ba ta da isnadi, kuma in aka bi isnadin daki-daki, yana tuƙewa ne ga wani bawan Allah da ya karye ko ya rasa ransa. Mu 'yan ƙalilan da muka koyi wannan fanni muka dawo da shi ƙasar Dendi, ya wajaba mu san yadda aka tara ilmin, domin mu gane inda ya ishe mu da inda ya gaza.

Malam al-Maƙƙari ya ruwaito labarin Abbas ɗan Firnas, masanin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 887, cewa ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi, amma da ya zo sauka ya ji ciwo a gadon baya, domin ya manta tsuntsu da wutsiya yake sauka. Haka kuma masu tarihin malamai sun ambaci al-Jauhari, mai ƙamusun Sihah, wanda ya ɗaura fukafukan katako ya diro daga kan masallacin Naisaburi ya halaka. Bambancin riwayoyin biyu shi ne, ta farko ta zo da sababin faɗuwar, don haka ta zama darasi, ta biyu kuwa jimami kaɗai ta bar mana. A kan tafarkin farko Otto Lilienthal na Jamus ya gina aikinsa, yana auna kowane tashi yana rubutawa, har ranar 9 ga Agusta 1896 da fiffikensa ya rasa saurin da ke riƙe shi ya faɗo, ya cika washegari a Berlin. Kuma wannan mutuwa na cikin abin da ya sa Wilbur da Orville Wright suka fahimci cewa mas'alar sarrafa abin tashi ta riga mas'alar ƙarfin inji.

Laimar da muke amfani da ita yau ta samo asali daga ƙirar Domina Jalbert ta shekarun 1960, wato ƙyalle biyu da aka ɗinke aka raba su ɗaki-ɗaki, iska na shiga ta bakinsu ta kumbura su su zama fiffike. A watan Yuni 1978 wasu masu diro daga jirgi su uku, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka gwada tashi da ita a guje daga gangaren dutse a Mieussy ta ƙasar Faransa, kuma kafin shekara goma ta cika tsaunukan Turai. Sai dai fiffiken da iska ce kaɗai ƙashinsa yana da aibi guda: in iska ta doke shi daga sama, gefe ɗaya yakan naɗe, laimar ta juya da mai ita kamar an murɗa igiya, kuma mutanen farko da yawa sun tafi ta wannan ƙofa. Hukumar masu shawagi ta Jamus, DHV, wadda aka kafa a 1979, ita ce ta yi fice wajen mai da waɗannan musibu ilmi, ta hanyar tattara rahoton kowane hatsari, sannan ta sa gwanayen matuƙa su naɗe fiffike da gangan a sama, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya buɗe da kansa. Daga irin wannan jarrabawa aka sami rabon laimomi zuwa darajoji huɗu, daga A ta almajirai zuwa D ta ƙwararru, aka wajabta ɗaukar laimar ceto, aka cusa katifa a mazaunin matuƙi saboda yawan masu karyewa a ƙashin baya, aka kuma buɗe makarantu a bakin tafkin Annecy inda almajiri yake ɓata fiffikensa da hannunsa a saman ruwa, da rigar ceto a jikinsa, malami yana yi masa magana ta rediyo, kwale-kwale yana jira a ƙasa.

Gwanaye ma ba su tsira daga wannan makaranta ba. A Fabrairu 2007, kusa da Manilla ta Ostareliya, gajimaren hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska ya kai ta mita 9,946 a sume, ta sauko da rai cikin ikon Allah, alhali wani matuƙi ɗan ƙasar Sin da hadarin ya haɗa da shi bai tsira ba. A Yuli 2011 kuma, da matuƙa biyu suka rasu a gasar duniya ta Piedrahita a Sifaniya, aka tsayar da gasar, aka dakatar da laimomin tsere marasa shaidar gwaji, duk da ƙorafin waɗanda suka zuba dukiya a kansu.

Laima mai inji kuwa, da aka tara rahotanninta, sai ta bayyana abin da ba a zata ba, cewa raunuka da yawa a ƙasa ake samunsu. Mutum ya ajiye injin, ya dafa shi da hannun hagu, ya ja igiyar tayarwa da dama, ashe wayar mai ta maƙale a buɗe, sai injin ya yi ruri ya tunkuɗo shi, farfela ta ci raga ta sami yatsu ko kafaɗa. Saboda haka malamanmu ba sa yarda a tayar da inji sai an matsa maƙunnin mai an ga ya koma da kansa, an goya shi an ɗaure, an kuma ɗaga murya an kori na kusa. Sauran musibun laima mai inji sun haɗa da nutsewa a ruwa, domin igiyoyi sukan nannaɗe matuƙi nauyin inji ya ja shi ƙasa, da kuma wasan burga kusa da ƙasa, inda babu tazarar da laimar ceto za ta buɗe.

Wannan duka ilmin tsaunukan Turai ne da filayen Amurka. A yankinmu shawagin nan baƙo ne: George Steinmetz, mai ɗaukar hoto, ya yi amfani da laima mai inji a ƙarshen shekarun 1990 ya ɗauki ayarin gishiri na Tenere daga sama, kuma tun 2005 ake bikin shawagi a tsaunin Kwahu na Gana lokacin Ista. Amma iskarmu tana da nata tarihi, wanda manyan jirage suka biya kuɗinsa. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ya taso daga Kano cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya ya daki bishiya, mutum 32 suka rasu, kuma sai a shekarun 1970 masani Tetsuya Fujita ya fayyace irin wannan iska mai zubowa daga gajimare ta watsu a ƙasa. Ranar 29 ga Oktoba 2006 irinta ta kayar da jirgin ADC a Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Iskar da ta rinjayi ƙarfe mai injuna, ina ga ƙyalle da zare?

A Gaya, inda damina ta fi ko'ina ƙarfi a Nijar, hadari daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigon farko iska mai sanyi da jar ƙura ce ke gaba, tana iso wa mutum alhali samansa garau. Wanda ya hango baƙin gabas ya ce zai ƙara zagaye ɗaya, ya riga ya makara. Da bazara guguwa takan miƙe tsakar rana a kan fako, da hunturu hazo yakan haɗiye wayoyin lantarki, zafi yana sassauta iska har gudun tashi ya tsawaita, dazukan giginya na Dallol Mauri ba wurin saukar gaggawa ba ne, kogin Kwara yana jan ido yana kuma jan rai, sannan ɗan kauce kaɗan ya tsallakar da mutum iyakar ƙasa zuwa saman Malanbil ko Kamba ba da izinin hukuma ba. Shi ya sa ba ma tashi sai da sanyin safiya ko gab da faɗuwar rana, kuma mun koyi tambayar masunta da manoma, waɗanda suka fi mu karanta sararin garinsu.

Abin da ya rage mana, kuma shi ne mafi wuya, shi ne rubutawa. Kunya takan sa wanda ya tsallake rijiya da baya ya naɗe laimarsa ya yi shiru, jama'a kuma in an yi rashi sukan ce ƙaddara ce a rufe zance, alhali imani da ƙaddara bai taɓa soke binciken sababi ba, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa tawakkali bayan riƙo da sababi yake zuwa. Amurkawa sun gane haka tun 1976, da suka ɗora wa NASA karɓar rahoton matuƙa a asirce ba tare da tona suna ba. Mu ma littafi guda ya ishe mu farawa, a rubuta rana da sa'a, da mahuskantar iska, da nau'in laima, da abin da matuƙi ya gani, da abin da ya aikata, a bar sunansa da zarginsa a waje. Domin wanda ya ɓoye kuskuren da ya tsira daga gare shi ya ci amanar almajirin da zai tashi daga wannan fili bayansa.