Tarihin Sana'ar Gina Shafukan Intanet a Ƙasar Kano

Sana'ar gina shafukan intanet ta samo asali ne daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, inda Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarinsa a 1989, shafin farko kuma ya fito fili a 1991. Tun daga lokacin aka kafa ginshiƙan da har yau ba su sauya ba. Akwai HTML, harshen alamomin da ke nuna wa kwamfuta inda kanun labari yake da inda hoto zai zauna. Akwai adireshi, wanda kowane shafi ke da nasa, sai mahaɗi, wato kalma ko hoton da ake latsawa a tsallaka wani shafin. Shafukan suna ajiye ne a saba, kwamfutar da ba a kashe ta dare da rana, mai karatu kuma yana buɗe su da burauza.

Da farko da hannu ake rubuta kowace alama, kuskure ɗaya ya wargaza shafi. Manhajojin gina shafi ne suka rage wannan wahala: FrontPage ta fito a 1995, Microsoft ta saye ta a 1996, Dreamweaver ta biyo baya a 1997. Da su mutum yake jera rubutu da hotuna yadda yake son ganinsu, manhajar ta rubuta alamomin a bayan fage. A 1996 aka fitar da CSS, wanda ya raba ado da gini, ta yadda za a sauya launi da girman haruffan shafuka ɗari daga wuri guda.

Najeriya ta sami sunan yankinta, .ng, a 1995, amma sana'ar ba ta kankama a Kano ba sai bayan 2001, shekarar da wayar salula ta shigo aka kuma kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. A shekarar ce jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ta fara aiki a Wudil. Ga ɗan Kausani da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, ilimin kwamfuta ya zo ƙofar gida ke nan, ba sai an niƙi gari zuwa birni ba. Duk da haka, shagunan buga takardu da na shiga intanet sun horar da masu sana'ar ba kaɗan ba, musamman da hukumomin jarrabawa irin su JAMB suka mayar da rajista ta intanet. Yaron shago yakan fara da buga wasiƙa, ya koyi gyaran hoto, daga nan ya kai ga haɗa wa makaranta ko ɗan kasuwa shafi.

Babban ƙalubalen mai gina shafi da Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa mai suna Rabi'at don magance matsalar wajen buga littattafai, sai dai irin wannan salo ba ya aiki a shafi idan babu shi a kwamfutar mai karatu. Sakamakon haka shafuka da dama suka yi watsi da lanƙwasar, aka bar mai karatu ya bambance kafa da ƙafa da hankalinsa. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ya ƙunshi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990, amma an daɗe kafin burauza da allon rubutun waya su karɓe su yadda ya kamata. Sakacin da ya saura a yau na marubuta ne, ba na na'ura ba.

Fitowar manhajar WordPress a 2003 ta sake sauya aikin. Maimakon gina kowane shafi daga tushe, ana zaɓar samfurin da aka riga aka tsara, a zuba rubutu, a ƙara ƙananan manhajojin biyan kuɗi ko rajistar ɗalibai. Abubuwa biyu ne mai shafi ke biya duk shekara: kuɗin suna, wanda ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ke kula da na .ng, da kuɗin masauki, wato hayar wuri a saba. Da yake yawancin masu karatu a Arewa da waya suke shiga, maginin yau yana fara gwada shafinsa a ƙaramin allo, yana kuma rage nauyin hotuna saboda tsadar data.