Daga Aji Aka Fara: Tarihin Horar da Malamai Kan Kisan Ƙare-Dangi

Duk lokacin da aka ambaci kisan da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawan Turai, abin da kan fara faɗo mana a rai shi ne soja da bindiga da sansani. Ba kasafai muke tuna malamin makaranta ba, alhali kuwa da shi aka fara. A watan Afrilun 1933, Hitila bai cika wata uku kan mulki ba, aka yi dokar sallamar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da malamai, aka kuma ƙayyade yawan 'ya'yansu a makarantu. Ya zuwa 1937, kimanin kashi 97 cikin 100 na malaman Jamus sun shiga ƙungiyar malamai ta jam'iyyar Nazi. A Nuwamban 1938 aka kori sauran yaran Yahudawa daga makarantun gwamnati. Mutum 15 da suka zauna a Wannsee cikin Janairun 1942 don daidaita yadda kisan zai gudana ba jahilai ba ne, 8 daga cikinsu na da digirin dakta. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6.

Bayan yaƙi, azuzuwa da yawa sun yi gum da bakinsu. Shari'ar Adolf Eichmann a 1961, da ta ma'aikatan sansanin Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, su suka sa matasa suka soma tambayar iyaye da malamai. A nan aka gane cewa malamin da ba a koyar da shi ba, ba shi da amsar da zai bayar.

A 1976, wasu malaman makaranta biyu a garin Brookline na Amurka, Margot Stern Strom da William Parsons, suka tsara darasin da ya zama ƙungiyar Facing History and Ourselves. A 1993 aka buɗe gidan tarihin wannan kisa a Washington, aka kuma kafa makarantar horar da malamai ta Yad Vashem a birnin Ƙudus. Taron Stockholm na shekarar 2000 ya sa gwamnatoci suka ɗauki alkawarin koyar da batun, sannan a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 27 ga Janairu, ranar da aka 'yanto Auschwitz, don tunawa.

To, me ake koya wa malami a irin waɗannan kwasa-kwasai? Na farko, kada ya fara da gawa. Ya fara da rayuwa: Yahudawa fiye da miliyan 3 na ƙasar Poland, da harshensu na Yidish, da jaridunsu, da makarantunsu, domin yaro ya san abin da aka rasa. Na biyu, ya mai da alƙaluma su zama mutane, ta hanyar wasiƙu da shaidar waɗanda suka tsira da rubuce-rubuce irin na Anne Frank. Na uku, ya guji razana yara da munanan hotuna, ko sa su kwaikwayon mai kisa da wanda ake kashewa. Na huɗu, ya nuna cewa abin bai zama dole ba: akwai wanda ya kashe, da wanda ya kau da kai, da wanda ya ɓoye maƙwabcinsa, kuma kowa zaɓi ya yi.

Darasin ya iso Afirka ta hanya mai ɗaci. A Ruwanda, inda aka kashe kimanin mutum 800,000, akasarinsu Tutsi, cikin kwana 100 a 1994, sai da gwamnati ta dakatar da koyar da tarihin ƙasar na fiye da shekara goma, saboda tsohon darasin ya taimaka wajen raba kan jama'a. Amma a Maris na 1997, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Nyange suka ce ɗalibai su ware, Hutu gefe, Tutsi gefe, yaran sun ƙi, wasunsu kuma suka rasa ransu. Afirka ta Kudu kuwa ta sanya batun cikin manhajarta a 2007.

Mu masu riƙe da alli da alƙalami muna da namu rabo a wannan tarihi. Julius Streicher ɗan jarida ne, kuma tsohon malamin firamare. Kamfaninsa ya buga littafin yara a 1938 mai kwatanta Bayahude da naman kaza mai dafi. Kotun Nuremberg ta yanke masa hukuncin rataya a 1946 saboda abin da ya rubuta ya kuma yaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai gyara da mai ɓarna duk sun san haka. Saboda haka, kafin mu siffanta wata al'umma a gaban allo ko a shafin littafi, mu tuna yaro na sauraro, kuma zai girma da abin da ya ji.